Ƙurar aikin maigidana ta hana ɗana barci

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, ina roƙon a sakaya sunana. Maigidana kafinta ne. Da a bakin kasuwa yake aiki, da kuɗin haya ya fi ƙarfinsa sai ya dawo da kayan aikinsa soron gidanmu. Bara ya sayi janareto da injin goge katako, tun daga nan ban ƙara gane kan gidana ba. Ƙura a kan gado, ƙura a bakin randa, har garin tuwo da shanya ba su tsira ba. Yarona ɗan shekara 3 kwana yake yana tari, ƙirjinsa yana kuka. Shi ma maigidan atishawa da majina da tari ba sa rabuwa da shi, idanunsa kullum ja, sai ya sayi madarar gwangwani ya sha ya ce tana wanke ƙura. Da na yi magana ya ce raina sana'arsa nake yi, alhali da ita ake ci da ni. Mahaifiyarsa kuma ta ce hunturu ne, kowa ma tari yake yi. Har na fara tunanin in ɗauki yaron in tafi gidanmu. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki ajiye maganar tafiya gida tukuna, za mu zo kanta. Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki shi ne yaron nan. Tarin da ke tashin yaro cikin dare ƙirji yana kuka, ba a zama da shi a gida ana jiran hunturu ya wuce. Ki kai shi asibiti cikin makon nan, ko ƙaramin asibitin da ke kusa da ku ko babban asibitin Ringim. Idan kin je kada ki tsaya a kan "tari yake yi". Ki faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa a cikin gida ake goge katako da inji, ki faɗi lokacin da aka kawo injin da lokacin da tarin ya fara, ki faɗi cewa da dare ya fi tsananta. Wannan bayani ne zai sa a duba ko asma ce, maimakon a rubuta muku maganin tari a sallame ku. Kafin ranar, idan yana barci ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ga yaro mai shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye da haka a minti ɗaya ya yi sauri. Idan kika ga haka, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan ruwa, ko leɓensa ya sauya launi, to ba a jiran gari ya waye, a nemi mashin a tafi.

Ke ma akwai abin da ke hannunki tun daga daren yau. Ɗakin da yaron ke kwana a raba shi da duk wani hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da kaskon gawayin da ake shiga da shi don jin ɗumi. Na san rabuwa da turare ba abu ne mai sauƙi ga mace ba, amma ƙirjin da ƙura ta riga ta fusata ko ɗan hayaƙi kaɗan tayar masa da tari yake yi. Gidan sauro ya wadatar.

Abin da ya sa ba ki san wannan wahala ba sai da aka kawo inji shi ne, ba duk aikin katako ne ke fitar da ƙura iri ɗaya ba. Zarton hannu da gizago da abin fere katako na hannu ɓarɓashi suke zubarwa, mai nauyi, ya faɗi a gindin teburi ya zauna. Injin gogewa kuwa niƙa katakon yake yi ya mai da shi gari mai laushin gaske, sannan gudunsa ya watsa garin a iska. A cikin garin nan akwai wanda ido ke gani, shi ne kike kakkaɓewa a kan gado, kuma hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawansa, a fyace ko a tofar. Akwai kuma wanda ƙanƙantarsa ta kai ido ba ya kama shi, ƙasa da maikuron 10, maikuron ɗaya kuwa kashi 1 ne cikin 1000 na milimita. Shi ne yake wuce hanci ya gangara cikin huhu, kuma ba ya faɗuwa da wuri. Sai a kashe inji a tafi sallar la'asar a dawo, yana nan yana yawo a iskar soron, yana bin ƙofa yana shiga tsakar gida. Yaro ƙarami ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskarsa sun fi ƙunci, ga shi a ƙasa yake wasa inda komai ke sauka. Shi ya sa ya riga ku jin jiki.

Ba na so in tsorata ki, amma ya kamata ku san abin da kuke shaƙa. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, tun 1995 ta sanya ƙurar katako cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan'adam cutar daji, musamman ta cikin hanci da kogunan da ke bayansa. Wannan sai an yi shekaru masu yawa ana shaƙa, kuma ba kowa take samu ba. Abin da ya fi kusa shi ne wanda kika riga kika lissafa: atishawa, majina, jan ido, sai kuma ƙaiƙayin fata da asma. Hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a Ingila ta ce kafintoci sun ninka sauran ma'aikata sau 4 wajen yiwuwar kamuwa da asma, kuma dokarsu ta hana ƙurar katako a wurin aiki ta wuce miligiram 5 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, idan katako mai tauri ne ma miligiram 3. Miligiram 5 bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Cikin katakon da ake kawowa daga Kudu zuwa kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano akwai irin su obeche da iroko, dukansu an san ƙurarsu da tayar da asma. Mugun halin asmar sana'a shi ne, idan jiki ya riga ya tsani ƙurar wani katako, daga baya ko kaɗan ya shaƙa sai ƙirji ya toshe. Na san kin fahimci abin da hakan ke nufi ga mutumin da ba shi da wata sana'ar sai wannan.

Abu biyu sun fi sauran katako haɗari, ki tambaye shi ko yana aiki da su. Na farko falankin MDF da ake yin kabad da gadaje na zamani da shi. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, gam ɗin yana ɗauke da sinadari mai yaji a ido da hanci, kuma idan aka yanka shi ko aka goge, ƙurarsa ta fi ta katakon gaske laushi. Na biyu tsohuwar ƙofa ko gado mai tsohon fenti da ake kawo masa gyara. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. A 2010 aka gano yadda yara kimanin 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinare ana niƙawa a cikin gidaje, ƙura mai gubar dalma tana sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aikin maigidanki bai kai nan ba ko kusa, amma hanyar da ƙurar ke bi ta isa cikin yaro ɗaya ce. Tsohon fenti kam kada a ƙara goge shi a soro, ko da sauran gyare-gyaren za su ɗauki lokaci.

Surukarki ba ƙarya ta yi ba, kuma kada ki ja da ita. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta zubo mana, maƙogwaro ya bushe, tari ya yawaita a ko'ina. Sai dai hunturu kowace shekara yana zuwa, yaronki kuwa bai fara kwana tari ba sai da inji ya shigo. Ki tuna baya: da damina yana yi? Ranakun sallah da aka rufe aiki ya samu sauƙi? Idan za ki yi mata magana, ki ce, "Inna, gaskiyarki hunturu ne, amma ƙurar katakon tana ƙara masa a kai, ki taya ni roƙon a rage masa ɗaya." Kaka idan ta ji maganar jikanta ce ake yi, ba ƙarar ɗanta aka kawo ba, ita ce za ta riga ki matsa masa.

Shi kuma maigida, ki duba abin ta wajensa. Mutum ne da haya ta kore shi daga kasuwa, ya tattara abin da yake da shi ya sayi inji don aikinsa ya yi sauri ya yi kyau. Duk lokacin da kika ce ƙura ta ɓata miki gado, abin da kunnensa ke ji shi ne ƙoƙarinsa ya zama ƙazanta. Don haka ki canza ƙofar da kike shigo masa. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ba a gaban yaran shago ba, ba a gaban mahaifiyarsa ba. Ki fara da tarinsa shi kansa, ki ce yana hana ki barci don tausayi. Sannan ki kawo masa abin da kowane kafinta ya sani: ƙurar nan ita ce take sauka a kan ɗanyen banish ta ɓata masa sheƙi har ya sake gogewa, ita take toshe ramukan iskar injin ya yi zafi ya ƙone, ita take cika matatar iskar janareto. Kare kansa daga ƙura kare jarinsa ne, kuma wannan magana ba za ta yi masa ɗaci ba.

Akwai abin da za ki nuna masa da ya fi dogon bayani. Ranar da ya yi guga, bayan magariba ku rufe ƙofar soron, a kashe fitila, ki haska tocila mai ƙarfi daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, ku tsaya a gefe ku kalli tsakiyar hasken. Za ku ga ƙurar tana iyo a wurin da da rana za a rantse iskar tsaf take. Daga nan ku shiga ɗakin da yaron ke kwana, ki ɗan bubbuga matashinsa ki sake haskawa. Masu binciken lafiyar ma'aikata ma da fitila mai ƙarfi suke gano inda ƙura ke fita a masana'antu. Bayan haka kada ki ƙara ko kalma, ki bar shi da abin da ya gani.

Gyara mafi girma, kuma mafi araha, shi ne guga ta bar soro. Soro hanyar gida ce, duk iskar da za ta shiga tsakar gida ta nan take bi, haka duk wanda zai shiga sai ya taka ƙurar ya kai ta ciki. Awo da haɗa katako da buga ƙusa da sa gam duk za su iya zama a soron, kayan aiki ma a ci gaba da kulle su a nan da dare. Guga da yanka da inji su ne za su koma waje. A ƙauye kuke, fili bai gagara ba: rumfar kara ko ta kwano ta isa, da teburi ɗaya. Inda za a kafa ta ne ke buƙatar tunani. Tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rumfar ta kasance a kudu maso yammacin gidan, yadda iska za ta wuce gidan tukuna ta ɗauki ƙurar ta yi gaba da ita. Da damina iska takan juya ta taso daga kudu maso yamma, to a lokacin sai a tsayar da zana ko tamfol a gefen da ke kallon gida, ga danshin ƙasa yana taimakawa. A duba kuma kada a juya ƙurar ta fuskanci tagar maƙwabci ko rijiya ko inda mata ke shanyar hatsi. Hadisin nan da muka haddace tun muna Islamiyya, "babu cuta babu cutarwa", ya hau kan wannan daidai.

Idan ba yadda za a yi sai a soron, to ƙofar da ke shiga cikin gida ta zama ƙofa ta gaske mai rufuwa, shi kafinta ne, ba sai an saya ba. A toshe ƙasanta da gefunanta da tsohuwar robar taya, a rufe ta duk lokacin da inji ke aiki, a bar ta a rufe har wajen awa biyu bayan an kashe. A sa fanka a taga tana fitar da iska waje, teburin gugar ya matsa kusa da ita. Ƙa'idar ita ce iska ta shigo ta bayansa, ta bi ta kan katakon, ta fice. Kada ya tsaya tsakanin katakon da fankar, don a nan duk ƙurar ta fuskarsa za ta bi. Fankar da aka kunna tana hura shi don zafi kuwa tayar da ƙurar kawai take yi tana zagaya ɗaki da ita.

Akwai wani abu da zan so ki ba shi a matsayin aikin da hannunsa zai iya, don na tabbata idan ya fahimce shi zai ƙera wanda ya fi yadda zan kwatanta. Akwati ne na falanki, faɗinsa daidai abin da ya saba gogewa. A huda samansa da ƙananan ramuka masu yawa, a kafa masa bango a baya da gefe biyu, a yanke gurbi a jikinsa a ɗaura fanka mai zuƙo iska daga cikin akwatin tana fitarwa. Idan aka ɗora katako a kai ana gogewa, iska tana jan ƙurar ƙasa ta cikin ramukan tun kafin ta tashi ta kai hanci. Fankar lagireton mota tana wannan aikin, da batir mai bolt 12 take tashi, wanda ƙaramar sola za ta iya cajawa, kuma ana samun ta hannu wajen masu kayan gyaran mota irin na Ƙofar Ruwa a Kano. Mafitar ta zama gajera kuma mai faɗi, don irin wannan fanka ba ta da ƙarfin tura iska ta doguwar siririyar hanya. A ɗaura buhun yadi a bakin mafitar ya tara garin. Amma ku sani buhu mai kaurin garin kawai yake riƙewa, mai laushin ta jikin yadin yake ficewa, don haka dole bakin mafitar da buhun su kasance a waje. Idan aka bar buhun a cikin ɗaki an yi aikin banza.

Ki sa ya duba bayan injin nasa ma. Yawancin injinan guga suna zuwa da ɗan bututu da 'yar jaka a baya, kafintoci da yawa cire ta suke yi su yar don tana tokare musu hannu. A mayar da ita, a riƙa zazzage ta a waje tun ba ta cika ba. Ranar da Allah ya hore aka sayi injin zuƙar ƙura, sai a haɗa tiyonsa da wannan bututun, shi ne ya fi komai kamawa. Idan kuwa injin nasa irin na yankan ƙarfe ne da ake ɗaura wa sanfefa mai zagaye, to shi ya fi kowanne watsa ƙura kuma ba shi da wurin tarawa, wurinsa waje ne kawai. Sannan kaifi yana rage guga: katakon da aka fere da kaifaffen ƙarfe, aka kankare shi da kyau, sanfefa kaɗan yake nema, dakusasshen zarto kuwa gari yake yi maimakon ɓarɓashi.

Shara ita ce inda ake yawan ɓata aikin. Busasshiyar shara da tsintsiya tana mayar da ƙurar da ta kwanta cikin iska, a sake shaƙarta karo na biyu. A yayyafa ruwa tukuna, ko a jiƙa dusar katako mai kauri a watsa a ƙasa, a tura ta da faffaɗan katako a kwashe da shebur. Teburi da kanta da bakin taga a goge su da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a kaɗe su da ƙyalle, ba a hure su da inji. A yi haka kullum idan an tashi daga aiki, a kula kada ruwa ya taɓa wayar wuta. A cikin gida ke ma haka za ki yi na ɗan lokaci: tsumma mai danshi a kan gado da kwanuka, randa da garin tuwo a rufe, tabarmar yaro a kai ta bayan gida a kakkaɓe ba yana kusa ba.

Maganar madara kuwa, ba shi kaɗai ba ne, masu fasa dutse da masu injin niƙa da 'yan siminti duk sun yarda da ita. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, hanyoyinsu daban ne tun daga maƙogwaro. Babu abin sha da ke wanke huhu. Kuɗin gwangwanin nan a tara a sayi takunkumi na gaske, wanda aka rubuta N95 ko FFP2 a jikinsa, ana samu a manyan kemis da shagunan kayan aiki a Kano da Dutse. N95 yana tare kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura idan ya zauna a fuska daram. Na yadi da muka saba da shi a 2020 lokacin korona, da hirami ko rawanin da ake naɗewa a hanci, mai kaurin kawai suke tarewa. Ya nemi mai igiya biyu da ke zagaya kai, ya matse ƙarfen kan hancin, ya rufe shi da tafukansa ya fitar da numfashi ya ji ko iska tana fita ta gefe. Ba a wanke shi. Idan ya yi datti ko numfashi ya fara wuya a cikinsa a canza, idan an cire a sa shi a leda a ɗaure, kada a rataye shi a ƙusa a cikin ƙurar. Idan maigida mai gemu ne, ba zan ce ya taɓa gemunsa ba, amma ya sani gashi yana hana takunkumi kama fata, ƙura tana shiga ta nan. Mai gemu ya fi kowa buƙatar rumfar waje da akwatin nan.

Rigar aiki ta zauna a wurin aiki. Ya samu guda biyu da hula, ya cire a can, ya wanke fuska da hannu da gemu kafin ya shigo ya ɗauki yaro. Ranar wanki ki tsoma su a ruwa kai tsaye ba tare da kin kaɗe ba, kuma kada ki haɗa su da kayan yara. Yaron kuma a daina barinsa yana wasa da dusa a gindin teburin babansa, duk da na san yadda uba ke jin daɗin hakan.

Ba ki ambaci yaran shago ba, amma da wuya a samu kafintan da ba shi da su, kuma sau da yawa guga aikin ƙaramin yaro ce. Shi ake miƙa wa sanfefa tun safe, shi ke shara da yamma, shi ya fi kowa shaƙa, ga shi iyayensa amana suka kawo shi. Wannan yana damuna ƙwarai. Idan za a sayi takunkumi a saya da su, waɗanda ba su kai fuskarsu ta riƙe takunkumi ba kuwa a ba su wani aikin.

Sai gobara, tunda lokacinta ne. Tarin busasshiyar dusa kusa da janareto ko wayar da ke tartsatsi ko guntun taba haɗari ne, kuma gari mai laushi idan ya cika iskar rufaffen ɗaki yana iya kamawa gaba ɗaya. Kada dusa ta kwana a soro, a ajiye bokitin yashi a kusa. Janareto a waje, nesa da taga, don hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci. Feshin fenti da tina shi ma a waje, kuma ya sani takunkumin ƙura ba ya tare warin tina, wannan sai mai gwangwanin gawayi a gefe. Dusar da aka kwashe ba asara ba ce: mai kaurin ta katakon da ba fenti tana shimfiɗar kaji, ana kuma cakuɗa ta da kashin dabbobi a bar ta ta ruɓe sosai kafin a kai gona, don ɗanyarta janye wa shuka abinci take yi. Ta MDF da ta mai fenti kada a yi girki da ita, kada a zuba wa kaji.

Shi ma maigidan ya je a duba shi. Duk tarin da ya kai mako 2 ana gwada shi don tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke wannan aiki, kuma da yaro a gida bai kamata a yi sakaci da wannan ba. Ya faɗa wa likita sana'arsa, ya lura ko ƙirjin yana sakinsa ranar Juma'a ko ranar da ya yi tafiya. Idan hanci ɗaya ya toshe ya ƙi buɗewa, ko haɓo ya riƙa dawowa, ya nemi a tura shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano.

To, maganar tafiya gida. Kada ki yi yaji. Idan kika fita cikin fushi, zancen zai tashi daga ƙirjin yaro ya koma wa ya raina wa, a tara manya a yi ta biko, a maido ki soron yana nan yadda kika bar shi. Amma ki nemi izininsa ki kai yaron ganin gida na kwana bakwai ko goma, bayan kun dawo daga asibiti, ki ce masa kina so ku gani ko canjin iska zai yi masa amfani. Ki lura da darensa a can, ki riƙa faɗa wa babansa ta waya. Idan tarin ya lafa a can ya dawo da kuka dawo, shi da mahaifiyarsa da likita duk sun samu amsa, kuma a cikin kwanakin nan ne zai samu sararin kafa rumfar. Idan duk da haka ya ƙi motsawa, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, ko ma ubangidansa da ya koya masa sana'ar, don kafinta ya fi jin maganar katako daga bakin wanda ya fara miƙa masa zarto. Kafin a daidaita, idan likita ya ce asma ce, yaron ya riƙa wuni a gidan kakarsa ko wani gidan dangi duk ranar da za a kunna inji, wannan kam haƙƙinsa ne, ki tsaya a kai cikin ladabi. Allah ya ba shi lafiya, ya buɗa wa babansa. Ki rubuto min abin da aka ce a asibiti.